Sara Arba'in da Ɗaya

Zuwa ga 'yar ƙanwata, Ambaliya,

In daminar nan ta faɗi, shekara talatin ke nan da ruwan da ya tafi da gada, wanda ya kwana tara yana zuba, wanda a cikinsa aka haife ki. Ni ban san lissafin takarda ba. Da ruwan nan nake ƙirga komai, har haƙorana da suka zube.

Ina gaishe ki, ina gaida masu koya muku aikin ungozoma. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa da ido. Gwiwa tsohuwar abokiyar faɗa ce, mun saba. Ido ne ya yi yana, ina ganin mutum kamar ta bayan labule. Goɗiyata Malalaciya ma tana nan, ta tsufa har an daina ɗora mata baƙi, ni da ita muna zaune a bayan barga kamar tsofaffin takalma. Mai Tikiti ce ke rubuta mini, matar nan da ke zama a ƙofar daji tana yaga wa baƙi takardar shiga. In kin ga kuskure nata ne, in kin ga zafi nawa ne. Kada ki ce me ya hana ni kira a waya. Maganar waya iska ce, wannan kuwa ina so ki ajiye ta.

Kin san mahaifiyarki a dajin nan take kwance. Abin da ba a gaya miki ba shi ne yadda ake zuwa wurinta, domin ni kaɗai na sani.

A lokacin ba ƙofa, ba tikiti, ba masu zuwa da jaka a baya su ce sun zo shan iska. Muna zaune can ciki a sansanin masu gadin daji, mahaifinki ya tafi aikin titi. Ta haife ki da hantsi, jini ya ƙi tsayawa. Ni da tsohon mai gadi, Allah ya jiƙansa, muka ɗora ta a kan doki muka yanki daji, tunda hanya ta zama kogi. Ba mu kai ko'ina ba. A bakin wani ɗan idon ruwa da ke fita ƙarƙashin tsagaggen dutse ta ce a sauke ta, a nan ta cika, a nan muka rufe ta. Na ɗaure ki a ƙirjina da rigata. Ina tafe, hannun hagu na riƙe da ke, na dama na riƙe da wuƙa, ina sarar bishiya daidai ƙuguna don in gane hanyar dawowa. Sara arba'in da ɗaya na yi kafin mu fito tsohuwar hanya, wadda yanzu suka shafa wa bishiyoyinta jan fenti don baƙi.

To ga inda gizo ke saƙar. Da yake ina fitowa ne na yi saran, duk yana gefen da ke kallon kabarin. Mai shiga ba ya ganin ko ɗaya. Sai ka wuce bishiya ka waiwaya, ka tabbatar ita ce, sannan ka san inda za ka nemi ta gaba. Shi ya sa masu yi wa baƙi jagora suke wucewa ta gefen ta farko kullum a kan dawakai, ba wanda ya taɓa lura.

Bishiya kuma tana warkewa. Kowace shekara bayan ruwa ya ɗauke nakan shiga in sabunta saran, in ba haka ba ɓawo ya rufe. Shekara uku da suka wuce aka kawo sabon Manaja, ya kama ni ina yi, ya karɓe wuƙar. Wai, "Baba, bishiya ma rai gare ta." Na ce, "Na san da haka tun kana tsumman goyo." Ya ce in ya sake gani, sai in bar ɗakina na bayan barga. Mutumin kirki ne fa, har shayi yake aiko mini. Amma damina biyu ke nan ban taɓa bishiyoyin ba. Watan jiya na shiga, wasu saran sun koma kamar zare, sai da farce na gane su. Damina ta uku za ta rufe su.

Ki zo kafin ruwa ya sauko. Kwana biyu ya isa. In ɗora ki a kan doki, mu shiga, ki taɓa kowace bishiya da hannunki, ki ga abin da ke kusa da ita da idonki na yarinta. In kin haddace, ko ɓawo ya rufe ba komai. Ban taɓa roƙon ki komai ba.

Kawunki.

*

Kawuna,

Na samu wasiƙarka, na karanta ta a tsaye a bakin ɗakin haihuwa, sai da na nemi wuri na zauna. Ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Ga maganin shafawa na haɗo, ka shafa fa, kada ka ba Malalaciya kamar wancan. A gaishe mini da Mai Tikiti, na gode da wahalarta.

Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa a rigarka ka fito da ni. Baba har ya rasu abin da yake cewa kawai, "Tana daji." Wallahi, Kawu, ina son zuwa, ba abin da nake so kamar in tsaya a wurin nan. Amma gaskiya ba zan samu zuwa kafin damina ba. Wata huɗu suka rage mini, duk na aikin asibiti ne, wanda ya fasa mako ɗaya sai ya maimaita shekara. Na je wurin shugabarmu, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ga shawara. Wayoyin yanzu suna iya riƙe wuri, ko a dajin da ba a samun kira. Ka samu ɗaya daga cikin masu jagoran dawakai, mai hankali, ka shiga da shi. In kun kai sai ya danna, wayar ta ajiye wurin, ya turo mini. Daga nan ko bishiyoyin duk sun warke ba abin da ya ɓata. Don Allah kada ka ce a'a tun kafin a gama karanta maka.

Sai maganar ido. Yanar nan cire ta ake yi, aikin ba ya kai awa ɗaya. Na yi magana da wata da muka yi karatu tare, tana asibitin ido na garin da ke kusa da ku, ta sa sunanka a layi. In sun aiko, ka je. Kada ka tsaya gardama da likita, ba Manaja ba ne.

Ka yi haƙuri da ni. Da na gama, kai ne farkon wanda zan nufa.

'Yarka,
Ambaliya.

*

Ambaliya,

Ina gaishe ki. Maganin ya zo, ina shafawa, gwiwar ba ta san ana yi ba. Malalaciya ta ɗan yi tari, ya wuce.

Asabar uku na yi a bakin ƙofa ina jiran ki. Bari in gaya miki dalili, mai laifin kuma ita ke riƙe da alƙalami, sai ta rubuta da hannunta.

Ran da takardarki ta zo, Mai Tikiti ta karanta mini har inda kika ce ba abin da kike so kamar ki tsaya a wurin. Ta ɗago ta ga fuskata, sai ta tsallake abin da ke biye, ta faɗa kan maganar waya da ta ido. Ni kuwa na ɗauka zuwa za ki yi. Na wanke sirdi na shafa masa mai. Na roƙi Dogo, babban mai jagora, ya ware miki farin dokin nan mai sanyin hali da ake ba matan da ba su taɓa hawa ba. Na share ɗaki, na ari katifa. Duk Asabar in motar baƙi ta tsaya, sai in miƙe in bi su da kallo ɗaya ɗaya, da yake ba na ganin fuska sai na matso. Wata mata har ta riƙe jakarta da kyau. Dogo yana ta tsiya, wai, "Baba, budurwar taka ta yaudare ka ne?" Na ce, "Kai da ko akuya ba ta taɓa yi maka alkawari ba."

A Asabar ta uku, bayan mota ta ƙarshe ta juya, Mai Tikiti ta rufe tagarta ta zo ta durƙusa, ta karanta mini layin da ta ɓoye. Ban yi mata faɗa ba. Na kwance sirdin na mayar, na kai wa mai katifa katifarsa.

Ban ce kin yi laifi ba. Aikin da kike koyo, da akwai mai shi a sansaninmu ran nan, da ba a yi saran ba sam.

Amma maganar waya, a'a. Mahaifiyarki ba wurin shan iska ba ce. Na san mutanen nan. Yau Dogo ya sani, gobe Manaja ya sani, jibi an kafa allo an shafa fenti, masu gajeren wando suna cin biskit a kanta suna ɗaukar hoto. Shekara talatin ban kai bare wurin ba, ba kuma zan miƙa ta ga abin da in ya faɗa ruwa ya mutu ba. Hanyar nan ta jini ce, daga hannuna sai naki.

Jiya hadari ya haɗu ta gabas, bai zubar ba. Tururuwa sun fara kwashe ƙwansu daga gindin barga. Yau baƙi biyu kacal suka zo, wani dattijo da matarsa, suka hau dawakai suka yi zagayen jan fenti suka dawo suna cewa ba su taɓa jin shiru mai daɗi irin na dajin nan ba. Na ce musu haka ne.

Kawunki.

Ƙari daga mai rubutu: 'Yar'uwa, ki yafe mini. Na ga yadda ya washe baki ne na kasa. Ba ya cin abinci sosai. In da hali ko na yini ɗaya ne, ki daure.

*

Kawuna,

Na san na daɗe ban rubuto ba, damina guda. Kunya ce ta hana ni da farko, daga baya kuma jarrabawa. Na ci, Kawu. Yaya idon? Ƙawata ta ce aikin ya yi kyau a na dama, na hagun ne sai a hankali. Ta ce ka tambayi likita ko shekarunsa nawa kafin ka yarda ka kwanta.

Yanzu zan gaya maka abin da ban san yadda za ka ɗauke shi ba. Na zo. Bayan na karanta ƙarin da Mai Tikiti ta yi, na kasa sukuni. Wata abokiyar aikina ta karɓar mini kwana biyu, na hau mota ban sanar da kowa ba, don kada in sake sa ka jira a banza. Na iso da safe na tarar da wani mutum a tagar tikiti, ya ce an tafi da kai asibitin ido tun jiya, Mai Tikiti ce ta raka ka, Dogo ya tuƙa ku, sai bayan kwana uku. Ni da kaina na sa sunanka a layin nan. Na zauna a bakin ɗakinka na yi kuka, Malalaciya tana leƙo ni. Motar komawa ƙarfe huɗu take tashi, asibitin kuma ba a kan hanyata yake ba. Na roƙi mutumin kada ya gaya maka, don kada ranka ya ɓaci ido yana ɗanye.

Amma zuwan bai tashi a banza ba. Na tambayi wani mai jagora ko ya san idon ruwa da ke fita ƙarƙashin dutse, ya ce sarai, kowa ya san shi. Ya ɗora ni a kan farin dokin, muka bi jan fenti, muka karkata. Dajin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kofato da ɗigar ruwa daga ganye. Muka kai. Na ce ya ba ni wuri. Na durƙusa a gefen dutsen na yi mata addu'a, na gaya mata na kusa zama ungozoma, na gaya mata mace goma sha ɗaya na tsayar wa jini da hannuna. Tun da nake ban taɓa jin sanyi a zuciyata irin na ranar ba.

Ka ga ashe wurin bai ɓata ba. Ka kwantar da hankalinka, ka daina faɗa da Manaja a kan bishiyoyi. Ga hoton da mai jagoran ya ɗauke ni. An tura ni aiki wani asibitin ƙauye mai nisa, shekara biyu, amma yanzu na san hanya.

'Yarka,
Ambaliya.

*

Ambaliya,

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da cin jarrabawa. Idon dama ya buɗe, har ina ganin ƙudan da ke kan kunnen Malalaciya. Na hagu ya tafi. Gwiwa tana nan yadda kika san ta.

Wannan karon na sa Mai Tikiti ta ɗora yatsa a kan kowane layi tana karantawa, ina bin yatsan, don kada a sake yi mini tsallake. Sannan na karɓi hoton na fita da shi rana.

Kin yi kama da ita. Tsayuwar ma irin tata ce, kafaɗa ɗaya sama.

Kwana shida ina juya abin da zan ce miki. Mai Tikiti ta ce in bar ki da sanyin zuciyarki, addu'a ba ta ɓatan hanya. Na yarda ba ta ɓata. Yanzu haka ta ajiye alƙalami sau biyu, na ce ta ɗauka. Ban taɓa yi miki ƙarya ba, ba kuma zan fara da baki babu haƙori ba.

Ba wurin ba ne. A bayanki a hoton akwai benci, akwai bututun ƙarfe da ruwa ke fita ta ciki. Wannan idon ruwan baƙi ne, ni na taya su kafa bencin. Wurin mahaifiyarki yana gaba da nan da tafiyar fiye da awa biyu, ta ɗaya gefen rafi. Ruwansa bai fi a cika tafin hannu ba, dutsen kuma a tsage yake biyu kamar an sa gatari. Yaron bai cuce ki ba, abin da ya sani ya kai ki.

Laifin nawa ne. Da na bi shawararki tun farko, da wayar ta kai ki. Washegarin da hoton ya zo na haɗiye girman kaina na je na samu Dogo. Bai yi tsiya ba ko kaɗan, ya ce, "Baba, hau mu tafi." Ya ɗauki wayarsa, na hau Malalaciya, muka shiga. Bishiya ta farko tana nan. Ta biyu tana nan. Har ta goma ina ganin tabon da idona. Daga nan sai lalube, in sauka in zagaya bishiya in shafa daidai ƙugu, in ji ɗan kumburi a ƙarƙashin ɓawo kamar jijiya. Haka muka kai ta ashirin da uku.

Daga ita ban samu komai ba. A da akwai wata busasshiyar bishiya da ta jingina da 'yar'uwarta, da ita nake gane inda zan karkata. Daminar nan ta kayar da ita, ta kayar da wasu tare da ita, sabon toho ya rufe wurin har wuya. Na shafa bishiya ta fi sittin, duk sumul. Na saki linzami na ce wa Malalaciya, "Ke kin fi shekara ashirin kina zuwa, nuna mana." Ta tsaya ta shinshina ƙasa, ta juya ta nufi gida wurin dusarta. Dogo ya danna wayarsa a gindin ta ashirin da uku, ya ce aƙalla an riƙe rabi. Na ce rabin hanya ina take kai mutum?

Sau huɗu muka koma. Jiya Dogo ya ce baƙi sun fara yawa tunda ruwa ya ɗauke, ba zai ƙara samun sarari ba sai wani watan. Ba ƙarya ya yi ba.

Shekara talatin ina gadin ta kada bare ya taka, ga shi na tsare ta har daga 'yarta. In na rufe ido a zaune ina ganin wurin sarai, har gansakukar da ke jikin dutsen. Ƙafata ce ba ta san ta inda za ta bi ba.

Ki ajiye hoton, ba laifi. Amma kada ki kai 'ya'yanki gaban bencin nan ki ce musu ga kakarsu. Ki ce musu tana ciki, gaba da bishiya ta ashirin da uku, kawunki ya sani ya ɓatar.

Mai Tikiti ta kawo mini wuƙar da take yanka albasa da ita, ta ajiye a kan tabarmata. Manaja in ya so ya karɓi ɗakinsa. Gobe da safe, kafin motar baƙi ta iso, zan ɗaura wa Malalaciya sirdi mu shiga. Zan sabunta ashirin da ukun nan, in sare su da zurfi yadda za su daɗe har ki dawo. Sannan in tsaya a gindin ta ƙarshe in fara shafa na kusa da ita, ɗaya bayan ɗaya, daga hannun dama.

Kawunki.